Ciwon masu tsintar ulu: yadda aka koyi ƙirga ƙwayoyin cuta cikin iskar wurin aiki

A garin Bradford, cikin arewacin Ingila, a tsakiyar ƙarni na 19, tsintar ulu sana'a ce mai daraja. Mai tsinta yakan tsaya gaban tebur kusa da taga, a buɗe masa dilar gashi wadda ta ƙetaro teku, ya dinga warware shi da hannu, yana raba mai laushi da mai kaushi, dogo da gajere. Aiki ne da ake ɗaukar shekaru ana koyo, kuma albashinsa ya ɗara na mafi yawan ma'aikatan masaƙa. Sai dai akwai wata mutuwa da ke bin masu wannan sana'a. Mutum yakan tashi aiki da ɗan zazzaɓi da nauyin ƙirji, kamar mura ce ke son kama shi. Wani lokaci har ya ji sauƙi-sauƙi. Daga nan sai numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, kafin kwana uku ko huɗu an kai shi makwanci. Mutanen garin suka sa wa abin suna ciwon masu tsintar ulu, likitocin Faransa kuwa suka riƙa ce masa ciwon Bradford.

Daga wannan ciwo wata tambaya ta taso, wadda masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna bi: ƙwayar cuta nawa ma'aikaci ke shaƙa a wurin aikinsa, kuma nawa ce ke isa ta kayar da shi?

Dilar da ke kisa

Muddin masaƙun Bradford na aiki da ulun tumakin Ingila, ba a san wannan mutuwa ba. Ta bayyana ne bayan da aka fara shigo da gashi daga nesa. Tun wajen 1836 wani attajiri mai suna Titus Salt ya gano yadda ake saƙa gashin alfaka, wata dabba dangin raƙumi ta ƙasar Peru. Bayansa aka shiga kawo gashin akuyar Angora daga Turkiyya, da ulun Farisa, da gashin raƙumi daga Asiya. Tufafin da ake yi da su sun samu kasuwa, garin ya bunƙasa, kuma tun kafin 1850 aka fara lura da mace-macen masu tsinta.

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun kafin likitoci su gane komai, masu tsinta sun san dilar da ake tsoro. Sun san gashin da ke fitowa daga yankin tafkin Van, a gabashin Turkiyya, da ulun Farisa sun fi kowane haɗari. Sun san kuma gashi mai ƙura da busasshen jini, wanda aka cire daga jikin mushe, shi ne mugu. Abin da ba su da shi shi ne hujjar da za ta sa mai masaƙa ko alƙali ya saurare su. Likita yakan rubuta ciwon huhu ko ciwon zuciya a takardar mutuwa, a rufe zance.

Hujjar ta biyo ta hanyar dabbobi. Makiyaya sun daɗe da sanin ciwon saifa, wanda Faransawa ke kira sharbon: saniya ko tunkiya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci da dubura, in an feɗe ta a tarar saifa ta kumbura ta yi baƙi. A 1850 Rayer da Davaine, likitoci biyu na Faransa, suka ga wasu ƴan sanduna ƙanana cikin jinin tumakin da ciwon ya kashe. A 1876 Robert Koch, wanda a lokacin likitan karkara ne a Jamus, ya nuna dukan rayuwar wannan ƙwaya. Ya gano cewa in jinin ya fita daga jiki ya haɗu da iska, ƙwayar takan dunƙule ta yi wa kanta sulke. Cikin wannan sulke ba ta ci, ba ta haihuwa, rana da fari ba su kashe ta, tana iya shekaru da dama cikin ƙasa ko jikin gashi tana jiran jiki mai ɗumi.

A 1879 wani likitan Bradford, John Henry Bell, ya ɗebi jinin mai tsintar da ya mutu ya sa wa ƙananan dabbobi. Suka mutu, kuma cikin jininsu aka ga sandunan nan na ciwon saifa. A shekarar da ta biyo ya rubuta ƙarara a takardar mutuwar wani ma'aikaci cewa sakacin maigidansa ne sanadi, tun da bai sa an tsabtace gashin ba kafin a ba shi. Wannan rubutu ya tilasta a yi bincike gaban hukuma. Gwamnati ta aiko John Spear da William Greenfield, binciken da suka yi a 1880 da 1881 ya tabbatar da maganar Bell.

Daga nan aka gane cewa ƙwaya ɗaya ce ke shiga mutum ta ƙofa uku. In ta bi ta rauni a fata, sai ta yi gyambo mai baƙin ɓawo kamar gawayi, kuma daga nan sunan sharbon ya samo asali. Yawancin masu wannan sukan tashi. In an ci naman dabbar, sai ta kama hanji. In kuwa an shaƙe ta cikin ƙura, da wuya mutum ya tsira, musamman a zamanin da babu maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Masu ƙirgar farko

Sanin cewa iska na ɗauke da ƙwayoyi masu rai ya riga binciken Bradford. A 1860 Louis Pasteur ya ɗauki kwalabe masu dafaffen romo a rufe, yana buɗe su ɗan lokaci a wurare dabam-dabam. Cikin kwalba 20 da ya buɗe a karkara, gindin duwatsun Jura, 8 suka gurɓace. Cikin 20 da ya buɗe can bisa dutse kusa da ƙanƙarar Mer de Glace, guda ɗaya kaɗai ta gurɓace. Bayansa Pierre Miquel, a cibiyar Montsouris ta birnin Paris, ya shafe shekaru yana zuƙo iska gwargwado sananne yana ƙirga abin da ya tsiro. Littafinsa na 1883 ya nuna iskar tsakiyar birni ta ninka ta lambun Montsouris yawan ƙwayoyi sau da dama, ta ɗakunan asibiti kuma ta fi duka.

Amma wannan ƙirga ba ta amfani masu tsintar ulu ba. Miquel na ƙirga ƙwayoyi ne a jimlace, ba tare da bambanta mai cuta da marar cuta ba. Ƙurar masaƙa kuwa cike take da dangin ƙwayar saifa waɗanda ba su cutar da kowa, masu kama da ita, masu saurin tsiro su rufe ta. Neman ta a cikinsu tamkar neman ƙwayar gero ɗaya ce cikin rairayi.

Saboda haka mutanen Bradford suka bar iska, suka koma kan gashin kansa. A 1884 aka tsara wasu ƙa'idodi da aka sani da dokokin Bradford: a jiƙa dila mai haɗari kafin a buɗe ta, a yi tsinta bisa tebur mai raga wanda fanka ke jan ƙurarsa zuwa ƙasa, a ƙone ƙurar, a hana cin abinci cikin ɗakin aiki. A 1895 dokar Ingila ta sa ciwon saifa cikin cututtukan aiki huɗu na farko da dole likita ya sanar da hukuma, tare da gubar dalma da ta fosfor da ta arsenik. A 1905 aka kafa kwamitin binciken ciwon a Bradford, aka ɗauki likita Frederick William Eurich. Ya shafe shekaru yana gwada dubban samfurin gashi da ƙura, yana tantance ƙasar da kowane ya fito da yawan waɗanda ke ɗauke da ƙwayar. Sakamakonsa ya gaskata abin da masu tsinta suka daɗe suna faɗi game da gashi mai jini.

Daga aikinsa, da na wani mai duba masana'antu da ake kira Duckering, aka samu hanyar tsabtace gashi ba tare da ɓata shi ba: a wanke shi da ruwan ɗumi mai sabulu da kanwa don jinin ya narke, a tsoma shi cikin ruwan formol mai ƙarfin kashi 2 zuwa 2,5 cikin ɗari, sannan a busar. Dokar 1919 ta ba gwamnati ikon tsare kaya masu haɗari, a 1921 kuma aka buɗe tashar tsabtace ulu a bakin tekun Liverpool, inda gashin awakin Indiya da ulun Masar ke bi kafin su isa masaƙa. Ciwon ya ja baya ƙwarai. A 1925 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi cikin cututtuka uku na farko da ma'aikaci ke da haƙƙin diyya a kansu. Duk wannan an yi shi ba tare da kowa ya san adadin ƙwayar da ke cikin iskar ɗakin tsinta ba.

Na'urar da ta kwaikwayi huhu

Kayan awon iska na gaske sun zo ne da yaƙin duniya na biyu, kuma ba don lafiyar ma'aikata aka fara ƙera yawancinsu ba. A 1941 Bourdillon da abokan aikinsa a Ingila suka fito da na'ura mai zuƙo iska ta wata siririyar tsaga, tana watsa ta kan faranti mai juyawa wanda aka zuba wa abincin ƙwayoyi. Kowace ƙwaya da ta faɗa takan tsiro ta zama ɗigo da ido ke gani, sai a ƙirga. A lokaci guda sojojin Ingila da na Amurka na binciken yadda za a mai da ciwon saifa makami, a Porton Down da Fort Detrick. A can aka gano wani abu da ya sauya fahimtar al'amarin gaba ɗaya.

A 1953 Druett da abokan aikinsa a Porton suka nuna cewa girman ƙurar da ke ɗauke da ƙwayar ya kai yawanta muhimmanci. Ana auna wannan girma da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙura mai girma takan maƙale a hanci da maƙogwaro, majina ta fitar da ita. Wadda ba ta wuce mikron 5 ba ita ke kaiwa can ƙuryar huhu. Daga nan wasu ƙwayoyin jiki masu aikin shara sukan haɗiye ta su kai ta kaluluwar tsakiyar ƙirji, inda take tuɓe sulke, ta hayayyafa, ta zuba dafi cikin jini. Wani bincike na 1956 ya nuna ƙwaya mai sulke na iya zama cikin huhun biri har kwana 100 ba ta farka ba.

A 1958 Ariel Andersen, a Amurka, ya bayyana na'urar da ta kwaikwayi wannan tafiya. Hawa shida gare ta, kowane hawa da rariya mai huda 400 da faranti a ƙarƙashinta. Hudojin na ƙara ƙanƙancewa daga sama zuwa ƙasa, iska kuma na bi ta cikinsu lita 28,3 a minti. Ƙura mai nauyi takan faɗa a farantan sama, mai sauƙi ta wuce zuwa na ƙasa. In an ƙirga ɗigon kowane faranti, an san abin da zai tsaya a hanci da abin da zai kai huhu. Har yau ana aiki da wannan na'ura.

Abin da aka tarar a masaƙun gashin akuya

A waɗannan shekaru Amurka na shigo da gashin akuya daga Asiya ba tare da tsabtacewa irin ta Liverpool ba, ana yin shafin cikin kwat da shi. Daga 1955 zuwa 1959 wani likitan hukumar yaƙi da cututtuka, Philip Brachman, ya jagoranci gwajin allurar rigakafi a masaƙu huɗu, kan ma'aikata 1249. Ana tsakiyar gwajin, a 1957, ciwon ya ɓarke a ɗaya daga cikinsu, a garin Manchester na jihar New Hampshire. Cikin mako goma mutum tara suka kamu, huɗu ta fata, biyar ta huhu. Huɗu daga cikin biyar ɗin suka mutu, kuma babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya samu allurar.

Masana daga Fort Detrick da hukumar lafiya suka shiga irin waɗannan masaƙu da na'urorinsu. Sakamakon da Dahlgren da abokan aikinsa suka buga a 1960 ya ba kowa mamaki. Ma'aikaci yakan shaƙi iska kimanin mita kubik 10 a yinin aiki. Da aka yi lissafi, sai aka ga a ɗakunan da suka fi ƙura mutum na shaƙar ƙwayar saifa tsakanin 600 da 1300 cikin awa 8, kuma ɗaruruwa daga cikinsu ƙanana ne da za su iya kaiwa ƙuryar huhu. Haka suke yi kullum, shekara da shekaru, amma galibinsu ba su taɓa kwanciya ba. Daga 1900 zuwa 1976 mutum 18 kaɗai aka san sun kamu da ciwon ta huhu a dukan Amurka.

Don a tabbatar ƙwayoyin da na'ura ta kama masu kisa ne, aka yi wani gwaji da aka buga a 1966. Aka ja iskar wata masaƙa ta bututu zuwa ɗakin da aka ajiye birai, suka yi makonni suna shaƙa. Wasu suka mutu da ainihin ciwon masu tsintar ulu, mafi yawansu kuwa suka tsira. A shekarar nan ta 1966 wani mutum ya mutu da ciwon a Manchester, alhali ba a masaƙar yake aiki ba: a wani wurin gyaran injuna yake, tsallaken lungu.

Wannan shi ne kullin da awo bai warware ba. An samu adadi, amma adadin bai nuna iyakar da za a ce wanda ke ƙasa da ita ya kuɓuta ba. Mutum ɗari na shaƙar iska ɗaya, ɗaya ya faɗi. Wataƙila wata dila ce ta fi sauran ƙazanta, ta tashi ƙura mai yawa cikin ƴan mintoci a lokacin da na'ura ba ta wurin. Wataƙila jikin wanda ya faɗi ne ya raunana. Na'urar da ke bisa tebur ba ta shaƙar abin da hancin mai sunkuyawa kan inji ke shaƙa, kuma ɗigo ɗaya a faranti na iya zama ƙwaya ɗaya ko dunƙulen hamsin.

Darasin 2001

A 2001 aka aika wasiƙu masu garin ƙwayar saifa ta gidan waya a Amurka. Mutum 22 suka kamu, 11 ta huhu, 5 suka mutu. Biyu daga cikin mamatan ma'aikata ne a cibiyar rarraba wasiƙu ta Brentwood, a birnin Washington, inda injuna masu sauri ke matse ambulan, ana kuma share su da iska mai ƙarfi. Da masu awo suka shiga bayan an rufe ginin, iskar ba ta nuna kusan komai ba, alhali shafar injuna da zuƙar ƙurar da ta kwanta sun nuna ƙwayar a wurare da yawa. A wani ofishin majalisar dattawa da aka buɗe ɗaya daga cikin wasiƙun, an gwada motsi irin na aikin yau da kullum, sai ƙwayoyin da suka kwanta suka sake tashi sama. Awon ɗakin da babu kowa ba ya faɗin abin da ma'aikaci ya shaƙa sa'ad da aiki ke gudana. A jihar Connecticut kuma wata tsohuwa mai shekara 94 ta mutu da ciwon, ba a samu ƙwayar ko ɗaya a gidanta ba. Zaton masu bincike shi ne wata wasiƙa ce da ta gogi gurɓatacciya a hanya.

Tun daga nan kayan awo sun ci gaba. Akwai ƴar na'ura da ake maƙala wa ma'aikaci kusa da wuyan riga, tana zuƙar iskar da ke gaban hancinsa dukan yini. Akwai kuma hanyar gano ƙwaya ta sinadarin gadonta, ba sai an jira ta tsiro ba. Da ita aka bi sawun zazzaɓin Q, wani ciwon da aka fara ganewa a 1935 tsakanin mahautan birnin Brisbane na Ostiraliya, lokacin da ya kama fiye da mutum 4000 a ƙasar Holan daga 2007 zuwa 2010, ta iskar da ke fitowa daga garken awaki. Sai dai wannan hanya ba ta bambanta ƙwaya mai rai da matacciya. Har yanzu babu wani adadi da hukumomin lafiyar aiki suka amince cewa shaƙar ƙwayar saifa ƙasa da shi ba ta da haɗari, saɓanin yadda aka yi wa ƙurar dutse ko dalma. Amfanin awo a yau shi ne ya nuna wane ɗaki, wane inji, wane motsi ke tada ƙwayar, ya kuma nuna ko fanka da wanki sun rage ta.

Fata da ganga

Masaƙun gashin akuya sun rufe, amma ciwon bai bar sana'ar fata ba. A 2006 wani maƙerin ganguna a birnin New York ya kamu ta huhu bayan ya kankare gashin busassun fatun akuya da aka kawo daga Kodibuwa, cikin ɗaki marar iska. Ya tsira da ƙyar. A 2008 wani mai irin wannan sana'a ya mutu a Landan. Abin da ya haɗa su da masu tsintar Bradford shi ne busasshen gashi, da ƙura, da rufaffen ɗaki.

A nan labarin ya taɓo ƙasar Hausa, inda ciwon saifa ke nan cikin dabbobi, fatar jar akuyar Maraɗi kuma ta yi suna a kasuwannin duniya. Majeman Damagaram da na Maraɗi sukan jiƙa fata cikin ruwan toka kafin su cire gashi, su jeme ta da bagaruwa, galibi a fili. Jiƙawar na kwantar da ƙura, ko da yake ba ta kashe ƙwaya mai sulke. Haɗarin shaƙa ya fi yawa a ɗakin ajiyar busassun fatu da ƙiraga, inda ake kaɗe su, a jera, a ɗaure. Babu na'urar Andersen a irin waɗannan wurare, kuma tarihin Bradford ya nuna ba sai an jira ta ba. Abin da ya ceci masu tsinta shi ne tare cutar tun daga tushe. Allurar dabbobi da Max Sterne ya samar a Afirka ta Kudu a 1937 tana nan tana aiki, ana yin ta sau ɗaya a shekara. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta kafofinta, ba a feɗe ta, ba a cire fatarta ko a yi gaggawar yanka ta don tsiran nama. Ƙone ta ake yi ko a binne ta da zurfi, a sanar da ma'aikatan kiwo. Mai fata kuwa, in baƙin gyambo marar zafi ya fito masa, ko zazzaɓi da nauyin ƙirji suka kama shi bayan aikin ƙura, ya kamata abu na farko da zai gaya wa likita ya zama sana'arsa.